Birki na jinkirin kamawa idan ana ruwa a babban titi: laifin birki ne ko na taya?

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Motata birkinta lafiya lau muddin titi a bushe yake. Amma idan ana ruwa ina kan babban titi, ina gudun kilomita 100 zuwa 120 a awa, in na taka birki sai in ji kamar ban taka komai ba na kusan sakan guda, daga baya kuma ya cafke gaba ɗaya. A cikin gari ba ya yi mini haka ko da ana ruwa. Bakanike ya canza fad, ya duba man birki, ya ce shi bai ga matsala ba. Me ke faruwa, kuma akwai gyara?

Amsa: Ɗan'uwa, bakanikenka bai yi maka ƙarya ba, kai ma ba mafarki kake yi ba. Abin da ka kwatanta sananne ne, kuma ba a ganinsa a gareji, domin a can mota a tsaye take, faifan birkinta a bushe. Kafin ka sake sayen wani ƙarfe, ka sani cewa ruwa wuri biyu yake shiga tsakani: tsakanin fad (abin da ke matse faifai in an taka birki) da faifan birki, da kuma tsakanin taya da kwalta. A bakin direba duk biyun "birki bai kama ba" ne, alhali maganinsu ba ɗaya ba ne, haɗarinsu ma ba ɗaya ba. Yadda ka ba da labarin, naka na farkon ne. Na biyun ya fi shi muni, shi ya sa zan daɗe a kansa ko da ba shi ka tambaya ba.

Mu fara da naka. Birkin faifai a buɗe yake, iska ce ke sanyaya shi, don haka duk abin da iska ta ɗauko yana isa gare shi. A babban titi kana iya yin minti goma ko ashirin ƙafarka ba ta je kan birki ba. A tsawon wannan lokaci tayarka na watsa ruwa, tirelar da ke gabanka na yi maka feshi, faifan ya huce sarai, ruwa ya kwanta a fuskarsa, ga laka da maiƙon titi a ciki. Da ka taka, fad ɗin ba ƙarfe ya fara tararwa ba, ruwa ya tarar. Sai ya share shi, ɗumin gogayya ya busar da ragowar, sannan ya kama. A gudun kilomita 100 taya na juyawa kusan sau 14 a sakan guda, saboda haka sharewar ba ta daɗewa. Matsalar ita ce a wannan sakan gudan motarka ta ci mita 28, in kuwa a 120 kake, mita 33. A cikin gari ba ka jin haka domin kana taka birki a kai a kai, faifan na da ɗumi, ruwa bai samu sukunin kwanciya ba.

Cafkewar da kake ji daga baya kuwa, ƙafarka ce ta jawo ta. Da ka ji shiru sai gabanka ya faɗi, ka ƙara dannawa. Kafin ruwan ya gama sharewa ka riga ka tara matsi mai yawa, sai duk ya sauka a kan faifan lokaci guda. In aka yi rashin sa'a gefe ɗaya ya riga ɗaya bushewa, motar ta ɗan fizgi sitiyari zuwa gefen da ya fara kamawa.

Masu ƙera motoci sun daɗe da sanin wannan. Mercedes-Benz ta sa wa birkinta na SBC, wanda ya fito a 2001, tsarin busar da faifai, BMW da Audi da Volkswagen ma suna da irinsa. Da zarar waifa ta fara aiki, kwamfutar motar kan ɗan manna fad a jikin faifai lokaci-lokaci, a hankali yadda direba ba zai ji ba, don ta share ruwan. In motarka ba ta da shi, ƙafarka za ta iya yin aikin. Duk bayan 'yan mintuna, ka duba madubi, in babu wanda ke manne da kai ka ɗora ƙafa a kan birki a hankali na sakan biyu ko uku, ka saki. Ka yi haka musamman bayan ka wuce tirela, bayan ka ratsa ruwa kwance, da kuma kafin wurin da ka san za ka rage gudu, kamar kwana ko inda za ka sauka daga babban titi. Dokar hanya ta Ingila ma ta rubuta shi ƙarara cewa wanda ya ratsa ruwa mai zurfi ya gwada birkinsa, in bai kama sosai ba ya tafi a hankali yana ɗan taka shi har ya bushe. Ranar da kuma abu ya faɗo maka ba zato, kada ka tsaya lallashin birki. Ka taka da ƙarfi tun farko, matsi mai ƙarfi ya fi saurin kore ruwan.

Akwai abubuwan da ke ƙara tsawon jinkirin, kuma su ya kamata bakanikenka ya duba, ba fad kaɗai ba. A bayan kowane faifai akwai wani siririn kwano da ke tare feshin ruwa da ƙasa. Sau da yawa ya yi tsatsa ya karye, ko wani ya cire shi don yana ƙara, bai mayar ba. Rim mai manyan tagogi ma na barin ruwa ya shiga fiye da rufaffe. Sai shi kansa faifan: in fuskarsa ta yi layi-layi, ko tsatsa ta cinye gefensa, ko ya yi ƙyalli sumul saboda zafi, sabon fad ba zai kwanta a kansa da kyau ba. Ka ce an canza fad, amma ba ka ce an taɓa faifan ba. Sabon fad a kan tsohon faifai mai kwari da tudu, ɓangare kaɗan yake taɓawa har sai sun saba da juna, ruwa kuwa a cikin kwarin yake ɓuya. Ana buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi a jikin faifan, a auna a gani. Irin fad ɗin ma na da nasa. Wanda aka yi don motocin tsere sai ya ɗau zafi yake kamawa, a sanyi da ruwa ba abin yabo ba ne, mai arhar da ba a san maƙerinsa ba kuma sai abin da ka gani. Masu motar lantarki ko mai haɗa lantarki da fetur su ƙara lura, domin injin ne ke rage musu gudu mafi yawan lokaci, faifan na daɗewa ba a taɓa shi ba, tsatsa na saurin hawansa. In kuma birkin bayan motarka durom ne, wato rufaffen birki mai kama da ganga, ba faifai ba, shi ruwa bai cika shigarsa ba, amma in ya shiga ya fi daɗewa bai fita ba.

Za a ce maka ka sayi faifai mai tsaga-tsaga ko mai huda-huda. Gaskiya ne suna taimaka wa kamun farko a ruwa, don ruwan na samun hanyar fita. In dole sai ka saya, mai tsaga ya fi, mai huda yakan tsage daga bakin hudar idan ya sha zafi. Amma ni ba zan ba ka shawarar ka fara da nan ba, sai mun ga tayoyinka tukuna.

Ga yadda za ka gane wanne ne ya same ka, ƙafarka ce za ta faɗa maka. In fedar birki na nan da taurinta yadda ka saba, motar ba ta rage gudu ba na ɗan lokaci, ba ka kuma ji komai na bugawa a ƙarƙashin ƙafarka ba, faifai ne ya jiƙe. In ka taka ka ji fedar na karkarwa tana gurnani, ABS ne, wato na'urar da ke hana ƙafar mota kullewa, ya shiga aiki, ma'anarsa birki ya kama har ya fi ƙarfin riƙon da taya ke yi wa titi. Nan birki ba shi da laifi ko kaɗan. In kuwa fedar ta yi laushi tana nutsewa ƙasa, wannan ba ruwan sama ba ne, lalura ce a cikin birkin, kuma ba a hawa babban titi da ita ko rana ake ƙwallewa.

To, mu zo kan taya. Birki ƙafar mota yake tsayarwa, taya ce ke tsayar da motar. Duk nauyin motarka da gudunta a kan wurare huɗu suke, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ka ɗauki taya mai faɗin milimita 205 tana gudun kilomita 100 a kan ruwa mai zurfin milimita 3 kacal. Lissafi ya nuna dole ta kawar da kusan lita 17 na ruwa a kowane sakan. Kowane ɓangare na robar kuma bai fi kashi ɗaya cikin 200 na sakan yake yi a ƙasa ba kafin ya ɗaga. A cikin wannan ɗan ƙyaftawar zai ture ruwa, ya taɓa kwalta, ya riƙe. Kana ƙara gudu lokacin na raguwa, ruwa na cusa kai ta gaban tayar yana ɗaga ta, wurin da ke taɓa ƙasa na ƙanƙancewa. Shi ya sa a jiƙaƙƙen titi riƙon taya ke raguwa da ƙaruwar gudu, abin da ba ya faruwa sosai a busasshe.

Bari mu sa lamba. Taya mai kyau a busasshiyar kwalta riƙonta na kai wa wajen 0.8 a ma'aunin gogayya, a jiƙaƙƙiya ya sauko wajen 0.5. Da waɗannan alƙaluma, mota mai gudun 100 na buƙatar kimanin mita 49 ta tsaya a busasshe, mita 79 a jiƙe. Mai gudun 120 kuwa mita 71 a busasshe, mita 113 a jiƙe. Ba a ma sa lokacin da ido zai gani ƙafa ta motsa ba, ba a sa sakan gudan jiƙaƙƙen faifanka ba. Ka tara su duka a gudun 120, ka haura mita 170. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne nisan tsayawa ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, in ka ninka gudu biyu, nisan ninkuwa huɗu yake yi. Motoci biyu a jere cikin ruwa, ɗaya a 100 ɗaya a 120, su taka birki tare: a daidai inda ta farko ta tsaya cik, ta biyun tana kan gudun kilomita 66 a awa. Haka kuma in ka juya lissafin, mai gudun 80 a ruwa yana tsayawa a kusan mita 50, wato nisan da mai 100 ke tsayawa a busasshe. Saukowa daga 100 zuwa 80 ke nan kaɗai ke mayar maka da abin da ruwa ya ƙwace.

In gudun ya kai wani matsayi, tayar na rabuwa da kwalta baki ɗaya ta hau kan ruwa. Injiniyoyin hukumar NASA ta Amurka, Horne da Dreher, sun yi bincike a kan wannan a 1963 saboda jiragen sama da ke sulɓewa a filin sauka, suka gano cewa idan ruwa ya fi zurfin zanen taya, yawan iskar da ke cikin tayar ne ke ƙayyade gudun da za ta hau ruwa. Da ƙa'idarsu, taya mai iska psi 36 na hawa ruwa a wajen kilomita 100 a awa, mai 32 a wajen 94, mai 24 tun a wajen 82. An yi ƙa'idar ne da tayoyin jirgi, kuma riƙo na fara raguwa tun kafin a kai waɗannan lambobi, amma darasin a fili yake. Mai rage wa taya iska wai don ta fi kama ƙasa a ruwa, kansa yake cuta. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tsakiyarta na lotsawa ciki, ruwa ya samu wurin taruwa. Ka bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba ko cikin littafin motar, a auna da geji tayar na sanyi, ba a buga ta da ƙafa a ce ta yi ba.

Alamar hawa ruwa ba ta ɓuya. Sitiyari zai yi sakayau a hannunka, ka ɗan juya motar ba ta amsa ba, wani lokaci ka ji injin ya ɗaga murya ba ka ƙara totur ba. Abin yi kaɗan ne, amma yana son sanyin zuciya: ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari inda kake son motar ta nufa, kada ka fizge shi, kada ka daka birki. Gudun na raguwa tayar za ta dawo ƙasa da kanta. Wanda ya murɗe sitiyari yana kan ruwa, da tayar ta taɓa kwalta motar za ta yi tsalle zuwa inda ya murɗa. Don haka ma ake kashe na'urar riƙe gudu idan ana ruwa, ƙafarka ya kamata ta kasance mai iko da totur.

Zanen taya shi ne magudanar ruwan. Sabuwar taya na zuwa da zurfin kusan milimita 8. Doka a Turai da Ingila ta tsaya a kan 1.6, yawancin jihohin Amurka ma kusan haka. A cikin manyan layukan zanen akwai wasu 'yan tudu da aka yi daidai 1.6, in sun yi daidai da fuskar tayar, ta gama aiki. Amma 1.6 iyakar doka ce, ba iyakar lafiya ba. Mai gudu a babban titi cikin ruwa, a ganina, kada ya bari ta sauka ƙasa da milimita 3. Shekarun tayar ma abin dubawa ne, don roba na taurara ko da zanenta na nan, roba mai tauri kuma ba ta riƙe jiƙaƙƙen titi. A gefen taya, a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Wadda ta haura shekara biyar ko shida a riƙa duba ta sosai, wadda ta kai goma a sauke ta ko yaya take sheƙi. Wajen saye, tun Nuwamban 2012 Tarayyar Turai ta wajabta manna wa taya takardar da ke nuna riƙonta a ruwa, daga A zuwa ƙasa, kuma tsakanin ta sama da ta ƙarshe bambancin na iya kai wa mita 18 a gudun kilomita 80. Tsarin Amurka kuma a jikin tayar ake buga shi: AA, A, B, C. In biyu kawai za ka iya canzawa, sababbin a baya ake sa su, ko da motar da ƙafafun gaba take ja. Mutane da yawa na jayayya da wannan, amma gaba in ya sulɓe kana iya gyarawa da rage gudu, baya in ya sulɓe juyawa motar take yi.

ABS, wanda Bosch da Mercedes suka fito da nasu kasuwa a 1978, ba ya ƙirƙiro riƙon da babu. Aikinsa ya hana ƙafa kullewa don ka iya karkata sitiyari kana kan birki. In ya fara karkarwa kada ka saki, kada ka yi ta famfo, danna ka riƙe. In fitilarsa na kunne a gabanka, ka ɗauka ba ka da shi, a gyara kafin damina. Mai tsohuwar motar da ba ta da shi ne zai taka, in ya ji ƙafa ta kulle ya ɗan sassauta, ya sake takawa. Shokozoba da ta mutu ma tana da hannu a nan, domin tayar na yin tsalle-tsalle maimakon ta lafe a ƙasa, ABS ya yi ta shiga ba gaira ba dalili.

Titin kansa ba ɗaya ba ne ko'ina. Ruwan farko bayan an daɗe ba a yi ba ya fi kowanne santsi, don yana taso da mai da ƙura da garin roba da suka taru, sai an yi mai yawa ya wanke su. Layin da manyan motoci suka fi bi yakan lotsa daidai sawun tayoyinsu, ruwa ya kwanta a ciki, ka ɗan kauce kada ƙafafunka su bi cikin kwarin. Fentin layi da ƙarfen mahaɗar gada ma santsi gare su. Tazara kuwa, sakan biyun da ake bari tsakaninka da na gaba a busasshe, a mayar da shi huɗu. Ka zaɓi wata alama a gefen hanya, na gabanka na wuce ta ka fara ƙirga.

Man birki da aka duba maka, cikar gwangwaninsa kawai ake gani da ido. Yana shan danshi daga iska a hankali. Man birki samfurin DOT 4 in sabo ne sai zafi ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa tun a 155, shi ya sa yawancin masu ƙera motoci ke cewa a canza shi duk shekara biyu. Amma wannan a doguwar gangara yake nuna kansa, lokacin da birki ya yi zafi feda ta nutse. Ba shi ke jawo abin da ka kwatanta ba, kada a ce maka ruwan sama ya shiga cikinsa a hanya.

Gwaji ɗaya zan ba ka. Ranar da ake ruwa, ka samu miƙaƙƙen titi fayau, babu kowa gaba babu kowa baya, a gudun da bai wuce 60 ba. Bayan ka yi 'yan mintuna ba ka taɓa birki ba, ka taka da matsakaicin ƙarfi ka lura da jinkirin. Ka koma gudun, ka sake takawa nan take. In na biyun ya kama ba ɓata lokaci, ruwa ne a kan faifai, sai a duba kwanon kariya da fuskar faifan, kai kuma ka saba da busarwa. In duka biyun ABS na shiga da wuri, je ka auna zanen taya da iskarta. In kuma motar na ja gefe ɗaya ko bayan faifan ya bushe, a kwance ƙafafun gaba a duba kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin faifai, da sandunan da take zamewa a kai. A fara da gefen da motar ke guje wa, don galibi shi ne wanda ba ya kamawa.